Fili Na Takwas

Shekara goma sha tara Tanimu ya yi yana buga takarda a wani kamfanin gwamnati a Yamai, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya ƙara wani abu ko ya rage ba. Abin da aka rubuta da hannu, shi zai fito a mashin. In darakta ya manta waƙafi, Tanimu ma zai manta shi. Abokan aiki har tsiya suke masa, wai ko an rubuta a rataye Tanimu gobe da safe, zai buga, ya yi kofi uku, ya kai a sa hannu. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ai ba a ɗauke ni don in yi gardama da takarda ba."

Maganar wasa ta kusa zama gaske. A tamanin da huɗu, shekarar da damina ta yi wa ƙasa ƙarya, sojojin da ke mulki suka ce a rage ma'aikata. Tanimu aka miƙa wa sunayen waɗanda za a sallama. Nasa ne na goma sha ɗaya. Ya buga shi kamar sauran, ya yi kofi uku, ya kai aka sa hannu.

Ya samo wata tsohuwar mashin, ya kafa tebur a ƙarƙashin rumfa a bakin Katako, wajen masu sayar da katako, yana buga wa mutane wasiƙa. To amma wa ke da ta wasiƙa a wannan shekara? Mutanen karkara sun cika gari da tabarmi da ƙwarya, shanu na mutuwa a bakin hanya. A gidansa na Gaweye kuwa akwai matarsa Balki da yara biyar, ga jar dawar taimako wadda ko an kwana ana tuƙa ta ba ta yin tuwon kirki.

Ana nan sai rediyo ta kama waƙar noman rani, safe da yamma. Kowa ya nufi bakin ruwa, kowa ya yi garka. Wani furoje, shirin noma na Anasara da gwamnati, ya share wuri a Harobanda, tsallaken gulbi, ya kafa famfo, ya yanka fili ashirin. Sharaɗi ɗaya ne, kuma an faɗe shi a bainar jama'a: wanda bai fitar da amfani a karon farko ba, za a karɓe a ba wani, don masu jira sun fi ɗari.

Tanimu ɗan Damagaram ne, amma ɗan cikin Birni. Ubansa maɗinki, kakansa falke. Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe hauya da niyyar aiki ba.

"Malam, kai da garka?" in ji Balki. "Rannan fa da na aike ka sayen yakuwa, rama ka kawo mini."

"Ai duk ganye ne."

"To, Allah ya kiyaye garkar."

Ba ta rufe baki ba sai ga ƙarar mobilet, ɗan ƙaramin babur, a ƙofar gida. Hamisu ne. Shi da Tanimu tare suka shiga lakwal, makarantar boko, a Damagaram, benci ɗaya. Uwar Tanimu ta rasu yana ƙarami, saboda haka uwar Hamisu, wadda duk suke kira Inna, ita ta riƙa ciyar da shi har shekara shida. Akushi ma ta ware masa nasa, mai ɗan tsagu a baki. Hamisu ya karanta aikin gona, kuma shi ne malamin gona na wannan furoje.

"Ɗan Inna, na sa sunanka," in ji Hamisu tun bai zauna ba. "Fili na takwas. Albasa za a yi."

"Ni da ban san kan albasa daga gindinta ba?"

"Shi ya sa nake nan. Miƙo mini kayen yaran can."

Ya yage warƙa huɗu daga tsakiyar kayen, littafin rubutun makaranta, ya ɗora a gwiwa, ya ciro bik ya yi ta rubutu. Balki ta kawo ruwa, ta kawo ɗan tuwon jar dawar nan tana ba da haƙuri, ya ci ya sa albarka. Da ya gama ya miƙa wa Tanimu.

"Littafin furoje bai fito ba tukuna. Amma kai na gida ne, ga abin da kake bukata. Ka bi shi kamar yadda ka saba bin takarda. Kuma kada ka saurari tsofaffin bakin gulbin nan, za su rikita ka. Kowa da irin abin da kakansa ya gaya masa."

Tanimu ya karɓa da hannu biyu. Ya raka shi har bakin titi yana godiya. Da ya dawo ya buga warƙoƙin a mashin don kada su lalace, ya nannaɗe na hannun Hamisu a leda ya sa a ƙasan akwati.

Fili na takwas shi ne na ƙarshe a layinsa, jikin shinge. Bayan shingen akwai tsohuwar garkar wani dattijo Bazabarme mai suna Sumana, wanda a nan aka haife shi, a nan ya tsufa yana ban ruwa. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ta ishe shi tsokana. Tun ranar farko ya laƙaba wa Tanimu suna Mushe, yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci, saboda ya gan shi tsaye a tsakiyar fangali da takarda a hannu.

Takarda ta ce a bar iri a wurin reno har kwana tamanin kafin a dasa. Tanimu ya riƙa jan layi a bangon ɗaki. Sauran mutane suka dasa nasu tun a kwana arba'in da ƴan kai, shi yana jira. Takarda ta ce a zuba ɗanyen kashin shanu, sabo, a ranar dashe. Ya riƙa ɗauko shi a buhu a bayan keke, yana tsallake gadar Kennedy da shi, ruwansa na ɗiga, masu tafiya a ƙasa na toshe hanci. Takarda ta ce a tura dashe cikin ƙasa tsawon yatsa guda cur, tsakanin wannan da wancan faɗin yatsa biyu. Sai ya yanko ɗan kara ya auna, don kada ya yi kuskure.

Ranar dashen Sumana ya jingina da shinge ya daɗe yana kallo.

"Fofo, Mushe."

"Yauwa, Baba Sumana. Ina gajiya?"

"Gajiya tana wajenka. Albasa kake dasawa, ko gawa kake binnewa?"

"Haka aka rubuta, Baba."

"Wa ya rubuta? Ya taɓa cin albasa?" Ya miƙo hannu ta cikin shinge ya nuna. "Albasa zama take yi a kan ƙasa kamar mace a kan tabarma. Ba ta son rami. Kuma ka cusa su kamar mutane a motar Dosso, ina za su sa ciki? Wannan kashin kuma, wuta ne. Sai ya shekara ya huce."

"Wanda ya rubuta mini ya yi karatun abin shekara huɗu."

"To. Ni ban yi karatu ba. Kala suuru, sai haƙuri." Ya ja buta ya koma cikin garkarsa.

Ba wai Tanimu ba shi da ido ba ne. Ya ga fili na bakwai, na wani tsohon direba mai suna Abdulaye, ya ga an dasa shi da wuri, a wawware, kuma Hamisu na yawan tsayawa a can. Ya tambaya. Hamisu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙasar ba ɗaya ba ce, ɗan Inna. Taka ta fi yashi. Kowane fili da maganinsa." Tanimu ya ce to. Har ya ji daɗi a ransa, wai an yi masa takarda tasa ta musamman.

Ya yi aiki, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida. Da asuba yana Harobanda da arozuwar biyu, butocin yayyafa wa shuka ruwa, da hantsi ya koma Katako, da la'asar ya sake tsallako gada. Hannun da ya saba da madannan mashin ya yi kanta ya tsattsage. Balki ma takan biyo shi ranar Lahadi, ta ɗaure zane ta yi ta cire ciyawa tana ce masa, "Manomi, yaushe za mu fara kuka da albasarka?"

Albasa dai ba ta yi ba. Ganye ya yi rawaya daga sama, rabin dashen ya ruɓe a cikin rami, abin da ya tsira ya tsaya siriri kamar tsintsiya. Da sanyi ya fara ja baya ya tona ɗaya ya duba: ƙwayar ba ta kai dabino ba. A fili na bakwai kuwa albasa ta fasa ƙasa, ja jawur, kowace kamar dunƙulen hannu. Tanimu ya koma ya karanta takardarsa layi-layi yana neman inda ya kauce, bai samu ba. Sai ya ɗora wa kansa. Ya ce wa Balki wataƙila akwai hannun da ƙasa ba ta so. Ranar ba ta yi masa tsiya ba.

Wata Alhamis da hantsi yana zaune a rumfarsa ta Katako sai ga Ladi, wadda suka yi aiki ofis ɗaya kafin a sallame su, ita kuma ta samu shiga ofishin furojen. Tana rungume da kwali, tana haki.

"Yaya Tanimu, ka rufa mini asiri. Mashin ɗinmu ta ƙi tun jiya, kuma jibi Asabar kapitan zai zo da Anasara su ga garka, a raba wa mutane littafin noman albasa. Shafi goma sha biyu ne, a kan sitansil. Ba wanda zai buga shi ba kuskure sai kai. Da la'asar zan dawo."

Ya buɗe kwalin. Rubutun Hamisu ne, ko a mafarki ya san shi. Har ya yi murmushi: ga littafin da aka tsakuro masa, yau zai gan shi cikakke. Ya cire ƙyallen tawada, ya ɗaura sitansil, takardar nan da ake fitar da kofi da yawa da ita, ya fara.

A shafi na uku yatsunsa suka buga: a dasa iri in ya kai kwana arba'in zuwa arba'in da biyar, kada a wuce. Ya tsaya. Ya sake duba rubutun. Ya ce ko Hamisu ya yi tuntuɓen alƙalami ne, ya ci gaba. Shafi na biyar: kada a kuskura a sa ɗanyen taki, yana ƙone saiwa, a nemi wanda ya ruɓe ya huce. Shafi na shida: kada a binne dashe, gaɓar yatsa ɗaya ta isa, a bar faɗin tafin hannu tsakani. Har da ɗan zane, albasa zaune a kan ƙasa. Kamar mace a kan tabarma.

Masu katako na ta jifa da allo a bayansa, jaki na kuka, wani na cinikin ƙusa. Tanimu bai ji ko ɗaya ba. Bai tsaya ba kuma. Hannunsa ya ci gaba da aikin da ya saba, har shafi na ƙarshe. A can aka yi layi biyu, don mai karatu ya ga amfanin littafin da idonsa. Fili na bakwai: mai shi ya bi shawarar malamin gona. Fili na takwas: mai shi bai bi shawara ba, ya yi yadda ya ga dama.

Ya daɗe yana kallon layin. Sitansil abu ne mai sauƙin gyara, harafi uku zai canja magana ta juye. Amma Ladi ce ta kawo aikin, ita za a kama. Kuma shekara goma sha tara ba su fita daga yatsun mutum a rana ɗaya. Ya buga shi yadda yake. A ƙasan shafi, inda ake sa harafin mai rubutu da na mai bugu, ya sa babban H, ya ja sanda, ya sa ƙaramin t.

Da Ladi ta dawo ta ɗaga shafin ƙarshe tana dubawa a hasken rana.

"Kai, Yaya, hannunka na nan! Wane ne kuma wannan mai taurin kan na fili na takwas?"

"Wani ne," in ji shi.

Washegari bayan sallar Juma'a ya sami Hamisu a rumfar famfo a Harobanda, yana shafa wa wasu alluna biyu fenti. Tanimu bai yi sallama mai tsawo ba.

"Ni na buga littafinka."

Burushin ya tsaya a hannun Hamisu. Ya ajiye shi a kan gwangwani a hankali.

"Ladi ce ta kai maka?"

"Bar Ladi. Kwana tamanin, Hamisu? Ɗanyen kashi? Na riƙa ɗauko shi a kan gada mutane na dariya."

"Zauna, ɗan Inna."

"Kada ka kira ni da wannan sunan yau."

Hamisu ya share goshi. "To ji. Anasaran nan ba su yarda da magana, sai sun gani. Sun ce lalle a yi fili biyu gefe da gefe, mai kyau da marar kyau, su ɗauki hoto. In ba bambanci, ba za su ƙara famfo ba, ba za a buga littafi ba. In sun gani kuwa, garka ashirin za su zama ɗari biyu, ka gane? To wa zan ba marar kyau? Duk wanda ya taɓa noma, in na ce ya binne albasa zai ce to, in na juya baya ya yi yadda ya sani. Abdulaye ma ɗan ƙauye ne. Na duba duk sunayen nan, ba wanda zai bi takarda har ƙarshe sai kai."

"Sai ni."

"Ba zagi ba ne."

"Da ka gaya mini, ai da na yi maka. Ka san da na yi."

"Da ka sani, da fuskarka ta nuna. Kuma da Balki ta hana." Ya matso. "Wallahi ba abin da zai sami filinka. Allo ne kawai, rabin awa, su wuce. Na riga na yi magana da daraktan furoje. Baɗi ni da kaina zan dasa maka. Kai dai gobe ka yi shiru."

Tanimu ya dubi allunan. Ɗaya an rubuta masa da kore, ɗaya da ja. Fentin ja bai bushe ba.

Da ya gaya wa Balki, tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta yi salati ba, ba ta yi zagi ba. Ta ajiye rariya, ta shiga ɗaki, ta buɗe akwati, ta fito da ledar nan ta ɗora masa a cinya.

"Ka sa a aljihu."

"Ya ce ya yi magana da darakta."

"Ya kuma ce ƙasarka ta fi yashi."

"Balki, kin san zamanin da muke ciki. In soja ya ga wannan, Hamisu ba zai kwana a gidansa ba. Inna ta ciyar da ni shekara shida."

"Allah ya saka wa Inna. Ta ciyar da kai don ka rayu ne, Malam, ba don a yi wa ɗanta kiwo ba. Ni ban ce ka fitar ba. Na ce ka sa a aljihu. Yaran nan biyar su ma tuwo suke ci."

Asabar da hantsi Harobanda ta cika. Ƴan samariya da ganguna, mata da guɗa, an yayyafa wa hanya ruwa. Kowa ya tsaya a bakin filinsa. An kafa allon kore a na bakwai, allon ja a na takwas. Sumana na jingine da shingensa yana cin goro. Motoci uku suka tsaya. Kapitan ya fito, dogo, da ɗan sanda a hammata, Anasara biyu na biye da shi, sai darakta, sai Hamisu cikin sabuwar riga.

A fili na bakwai Abdulaye ya tuge albasa ya ɗaga, aka yi tafi, Anasara suka ɗauki hoto. Suka matso na takwas. Suka sake ɗaukar hoto, har ɗaya ya durƙusa don ya samu allon da ganyen rawayan tare. Kapitan ya karanta allon, ya tsokani ƙasa da sandarsa.

"Na wane ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Ka iya karatu?"

"Na iya."

"To kai ne ka fi kowa laifi. Jahili ya bi shawara, mai ilimi ya ƙi. Ƙasa na cikin yunwa, an ba ka ruwa, an ba ka fili, ka yi wasa da shi." Ya juya wajen Hamisu. "An koya masa?"

Tanimu ya dubi Hamisu. Abin da yake jira ke nan tun jiya, kalma ɗaya: a ce gwaji ne, a ce da sanin ofis aka yi. Darakta na kallon takalminsa.

"An koya wa kowa, mon kapitan," in ji Hamisu. "Wasu ba su ji."

"A karɓe. Yau. A ba na gaba a layi."

Kapitan ya juya zai wuce. Hamisu ya ɗaga ƙafa zai bi shi.

Tanimu bai taɓa katse babba ba a rayuwarsa. Muryar da ta fito ma ba ta yi kama da tasa ba.

"Ranka ya daɗe, ga shawarar da aka ba ni."

Ganguna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Kapitan ya karɓi warƙoƙin huɗu, ya karanta a tsaye, bai yi sauri ba. Ya miƙa hannu aka ba shi sabon littafin, ya buɗe, ya haɗa su.

"Ka bi wannan?"

"Harafi da harafi."

"Akwai shaida?"

"Ni," in ji Sumana daga bayan shinge, goro a baki. "Na ce masa gawa yake binnewa, ya ce haka aka rubuta. Wannan mutum, ko takarda ta ce ya shuka gishiri zai shuka."

Wasu suka fara dariya suka haɗiye. Kapitan ya ɗaga warƙar a gaban Hamisu.

"Hannun wa?"

Hamisu ya buɗe baki ya dubi darakta. Darakta ya ce shi yau ya fara ganin wannan takarda.

Ba a yi hayaniya ba, saboda baƙi. Kapitan ya sa aka tuge allon ja, ya ce mai fili na takwas ya riƙe filinsa, a sake gwada shi baɗi. Aka ci gaba da zagaye, aka raba littafi, aka yi jawabi. Sai da za a tafi ne mutane suka lura Hamisu bai hau mobilet ɗinsa ba. A bayan motar soja ya zauna, tsakanin mutum biyu. Mobilet ɗin ta kwana uku a rumfar famfo kafin ƙanen matarsa ya zo ya tura ta.

Wata biyu aka riƙe shi, sannan aka kore shi daga aiki, ya kwashe iyali ya koma Damagaram. Furoje kuwa bai tsaya ba. An ƙara famfo, an yanka sababbin filaye, darakta na nan a kujerarsa. An dai yage shafin ƙarshe na littafin.

Ka san Damagarawan Yamai, kamar gida ɗaya suke. Magana ta zagaya, kuma ba ta zagaya yadda ta faru ba. Abin da aka riƙe shi ne, Hamisu ya samo wa Tanimu fili, Tanimu ya miƙa shi ga soja. A wajen wani suna a Gaweye ya zauna a tabarma, mutum biyu suka tashi wai za su yi alwala. Wani dattijo ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Abin gida a gida ake kashe shi." Tanimu ya so ya ce ai ya je rumfar famfo, ai ya jira har kalmar ƙarshe. Ya ci goronsa ya tashi.

Da bazara ta yi tsanani, har gulbi ya tsaya mutane na tsallakawa Harobanda da ƙafa a ƙarƙashin gada, wani direban babbar mota ya kawo masa saƙo daga Damagaram, ƙunshe a tsumma. Ba wasiƙa. Akushinsa ne na gidan Inna, mai ɗan tsagu a baki, an wanke shi tas. Tanimu ya juya shi, ya sake juyawa.

"Me take nufi?" in ji Balki a hankali.

"Ban sani ba. Ba ta rubuta ba."

Ya ajiye shi a kan akwati. Bai ci abinci a ciki ba, bai kuma bari a taɓa ba.

Da kaka ta kewayo ya koma fili na takwas. Littafin na aljihunsa, wanda ya buga da hannunsa. Ya karanta shi ya fi sau goma, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne littafin daidai yake. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Hamisu ya san aikinsa sarai.

Ranar da iri ya kai kwana arba'in da biyu, ya tsaya a bakin shinge ya yi sallama.

"Mushe! Yau me takarda ta ce?"

"Ta ce gaɓar yatsa ɗaya, Baba. Amma zo ka gani da idonka kafin in sa."

Sumana ya tsallako yana ƙorafin gwiwa. Ya tsuguna, ya ɗebi takin da ya shekara a gefen fili ya murza, ya shinshina, ya gyaɗa kai. Ya ɗauki dashe ɗaya, ya tsinke kan ganyen da farce, ya dangwala shi a ƙasa ya danna da babban yatsa.

"Haka. Yi naka."

Tanimu ya yi.

"Ka zurfafa. Ciro."

"Littafi ya ce..."

"Littafi bai san tsawon yatsanka ba. Ciro."

Ya ciro ya sake. Suka yi layi ɗaya, suka shiga na biyu. Can Sumana ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Abokin nan naka, kana jin labarinsa?"

Tanimu ya danna ƙasa a gindin dashe, ya auna tafin hannu, ya ɗauki na gaba.

"A'a," ya ce. "Miƙo mini arozuwar."